Halin Hafsan Soja da Amanar Mutanen Gobir

A watan Mayun 2020 Sanata Ibrahim Gobir, wanda ke wakiltar Sakkwato ta Gabas a lokacin, ya miƙe a zauren Majalisar Dattawa ya faɗi maganar da ta yi wa mutane da yawa nauyi a kunne. Ya ce idan ɓarayin daji suka afka wa mutanensa, sojojin Jamhuriyar Nijar ne ke tsallako iyaka su kawo ɗauki, namu kuwa a kira su a yi ta jira. A Abuja an ɗauki zancen abin kunya ga ƙasa. A Sabon Birni da Isa ba wanda ya yi mamaki, don abin da ake faɗa ne kullum a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Kafin watan ya ƙare, ranar 27, 'yan bindiga a kan babura suka shiga Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, suka kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya.

Tun daga lokacin, duk wanda ya tashi bayanin abin da ya sa yaƙin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, yakan ce sojoji sun yi kaɗan, kayan aiki ba su isa ba, daji kuma ya yi faɗi. Duka gaskiya ne. Wanda ya san ƙasar da ke tsakanin dajin Gundumi da Shinkafi, ya ga yadda gulaben Rima da Bunsuru da Gagare ke tumbatsa da damina har mota ta kasa motsi, ba zai raina wahalar sojan da aka jefa can ba. A ƙarshen Agustan 2024 kowa ya ga bidiyon yaran jagoran 'yan bindiga Bello Turji suna shewa a kan motocin sulke da suka maƙale cikin taɓo a Kwashabawa ta ƙasar Zurmi. Sai dai akwai abin da ba a cika tsayawa a kansa ba, saboda ba ya shiga kasafin kuɗi, ba a kuma sayo shi daga Chana ko Turkiyya. Shi ne halin mutumin da aka ɗora wa anini a kafaɗa, aka ce ga soja talatin ko ɗari ko dubu, ga kuma gari, ka tsare. Ni a ganina a kan halin wannan mutum ne yaƙin gabashin Sakkwato ya rataya.

Dalili a fili yake ga wanda ya taɓa zaman ƙauye. Ɓarawon daji ba shi da bariki, ba shi da kaki. Yau yana Fakai, gobe ya kwana bayan Gatawa, jibi ya tsallaka Nijar. Jirgin sama na iya hango babura, amma bai san wane ne a kai ba, bai san wa ke kai musu burodi da man fetur da ƙwaya ba. Mai wannan sani shi ne manomin da suka ratsa ta gonarsa da asuba, da matar da aka sako bayan an biya kuɗin fansa, da ɗan kabu-kabun da ya ga baƙuwar fuska a tasha. Da ɗan gari akan ci gari, su ma ɓarayin da infoma suke cin namu. To shi manomin nan, kafin ya buɗe baki ya gaya wa soja abin da ya gani, sai ya yi lissafi, kuma lissafin na rai ne. In na faɗa, maganar za ta tsaya tsakanina da oga, ko kafin magariba ta isa daji? In na kira, za su zo? In sun zo yau, za su zauna, ko bayan mako biyu a kwashe su a bar ni da waɗanda na tona wa asiri? Amsar tana hannun hafsan da ke riƙe da sansanin. Inda mutane suka gwada shi suka same shi mai riƙon sirri da cika alkawari, labari yakan riga ɓarawo isowa. Inda suka same shi akasin haka sai su kama bakinsu, su tara harajin da aka aza musu, su kai daji don a bar su su yi noma. Na birni yakan kira wannan haɗa baki da 'yan ta'adda, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙasar Gobir ba yau ta fara ganin mayaƙa ba, kuma tarihinta ya riga ya yi magana a kan wannan batu. Kufan Alƙalawa, birnin Bawa Jangwarzo, yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Shi kansa Sabon Birni gari ne na yaƙi da Ɗan Halima ya kafa bayan ya raba gari da 'yan'uwansa na Tsibiri, Isa kuma bakin daga ce tun zamanin daular Sakkwato. Saɓanin sarakunan Gobir da jama'ar Shehu Usmanu ya daɗe yana ci a hankali kamar wutar ƙaiƙayi, amma abin da ya hura shi aikin runduna ne a kan mutanen da ba su fito yaƙi ba. A ƙarshen 1803 dakarun Sarki Yunfa suka afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, suka kashe na kashewa, suka ɗaure sauran, suka biyo da su ta gefen Ɗegel, garin Shehu, ido na ganin ido. Jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. A Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, a 1808 Alƙalawa ta faɗi. Gobir ta fita yaƙin nan da dawaki da lifidi da sulke da taimakon Abzinawa, abin da jama'ar Shehu ba su da ko kusa da shi. Ta rasa zukatan talakawan da suka ji abin da aka yi a Gimbana.

Kada Bagobiri ya ce na ɗora wa kakanninsa laifi su kaɗai. Ɓangaren da ya ci nasara ma bai tsira ba, kuma shugabanninsa da hannunsu suka rubuta haka. A 1805, a kan hanyar zuwa yaƙin Alwasa, mayaƙan jihadi suka wawashe Kwalde, garin da ke zaman lafiya da su, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello suna hanawa ba a saurare su ba. Aka je Alwasa aka sha mummunan kashi. Shekara biyu bayan haka, runduna na kan hanyar Alƙalawa, Malam Abdullahi, wanda shi ne ya ja daga a Tafkin Kwatto, ya dubi mutanen da yake tafe da su. Ya ga yawancin malamai da mutanen kirkin da aka fara tafiyar da su sun kwanta dama, hankalin da yawa daga waɗanda suka rage kuma ya koma kan ganima da ƙwarƙwarai da dawaki da sarauta. Sai ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Kanawa suka riƙe shi, ya zauna yana karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki da shari'a, sannan ya komo gida.

Na daɗe ina juya wannan tafiya ta Malam Abdullahi a raina. Ga mutum a tsakiyar yaƙin da ya yi imani da shi, wansa ne jagora, nasara ta kusa, amma ɓarnar da ta hana shi barci ita ce ta mutanensa. Jarumtar tsayawa gaban mashi da yawa suna da ita, a da da yanzu. Wadda ta yi ƙaranci a kowane zamani ita ce ta kwamandan da zai dubi yaransa, waɗanda suka sha yunwa da ƙishirwa tare, ya ce saniyar nan ba tamu ba ce, a mayar wa mai ita. Kuma bai tsaya kan fushi ba, ya mai da fushin ƙa'ida a rubuce ya dawo cikin tafiyar. Shi ma Shehu a Kitabul Farƙi ya jera ɗabi'un masu mulki da ya ƙi, ciki har da kamuwa, wato a kama dabbar talaka a yi wa sarki aiki da ita ba da yardarsa ba, da ɗibar kayan 'yan kasuwa ba biya, da karɓar gaisuwa kafin a biya wa mutum buƙata. Wanda ya san jerin nan, ya kuma saurari kukan direbobi a kan shingayen hanyoyin ƙasar nan, zai ga suna ne kawai ya sauya.

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Ɗan makarantar islamiyya ya san wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham, inda ya hana taɓa mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya da ha'inci a ganima. A 1967, ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya fitar wa sojojin tarayya ƙa'idar aiki a rubuce da ta hana cin zarafin farar hula da kwasar dukiyarsu. Dokar sojojin Najeriya ta yau ta yi tanadin hukunci ga mai kwasar ganima da mai gudu daga bakin daga. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna na nan tun 1964, ga ta Jaji inda ake komawa ƙarin ilimi. Duk hafsan da ya iso Isa ya ci jarrabawar waɗannan darussa. Amma a sansanin da ke bayan gari, ƙarfe biyun dare, babu malami babu mai duba takarda, sai shi da halinsa.

Wurin da aka fi saurin gane halin hafsa shi ne wurin kuɗi, kuma Sakkwato ta ga misali da idonta. A watan Yulin 2019 wasu sojoji biyar da aka sa rakiyar kuɗi daga Sakkwato zuwa Kaduna suka gudu da su. Jaridu suka ce kuɗin sun kai naira miliyan 400. Babban kwamandan runduna ta 8, wadda tsaron Sabon Birni da Isa ke wuyanta, Manjo Janar Hakeem Otiki, ya gurfana gaban kotun soja a Abuja kan batun kuɗin, a watan Yunin 2020 kuma kotun ta same shi da laifi ta yanke a kore shi daga aiki. Ya kamata a yaba wa rundunar da ta iya gurfanar da mai anini irin nasa. Amma a duba lokacin da abin ya faru. A cikin wannan damina ce mutanen karkarar Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakawa jihar Maraɗi ta Nijar da tabarma a ka, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a watan Satumba sun haura 40,000. Mata na haihuwa a ƙarƙashin itace a ƙasar Gidan Runji, a hedikwatar da ya kamata ta tsare su kuma ana lissafin jakunkunan kuɗi.

Satar da aka yi a ofis ba ta tsayawa a ofis, gangarowa take yi mataki-mataki har ta isa ƙauye. Kuɗin man da aka rage shi ne sintirin da ba a fita ba. Alawus ɗin da aka riƙe wata uku shi ne hannun da kurtu ke miƙa wa direba a shinge. Abincin da aka yanke shi ne akuyar da ta ɓata a bayan sansani. Mafi muni, ƙaramin soja yana gani. Ranar da ya tabbata ogansa na ci da jininsa, daga ranar ya daina ganin dalilin da zai ba da ransa don umarnin wannan mutum. An ga ƙarshen irin wannan a barikin Maimalari ta Maiduguri a watan Mayun 2014, lokacin da aka kawo gawarwakin sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna, 'yan'uwansu suka buɗe wa motar babban kwamandansu wuta. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Shekara guda bayan tawayen aka fara binciken dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ake zargin an karkatar. Tawaye laifi ne babba a aikin soja, ba na kare shi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ba na so mai karatu ya ɗauka duk masu anini haka suke, don da haka ne da tuni babu gari ko ɗaya a tsaye daga Goronyo zuwa iyaka. A watan Satumban 2021 aka kai wa sansanin Burkusuma da ke ƙasar Sabon Birni hari, jami'an tsaro fiye da goma suka mutu, 'ya'yan wasu iyaye daga sassan ƙasar nan da ba su taɓa jin sunan garin ba sai ranar da aka aiko musu da saƙon rasuwa. Kuma har yau idan sojoji na hira sukan ambaci Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya ja tankokin yaƙi aka ƙwato Baga a 2015, aka yi masa ƙarin girma na musamman, aka kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016. Abin da yaransa suka shaide shi da shi shi ne yana gaba idan an fita, kuma ransu ya dame shi. Soja ya fi kowa sanin bambancin ogan da ke cewa ku je da wanda ke cewa mu je.

Akwai kalmar da ta fi kowace ƙona ran mutanen yankin nan, ita ce "ba a ba mu umarni ba". Ana harbi a ƙauye, a buga waya sansanin da ke jin ƙarar bindigar, a ce sai an sami oda daga sama. A yi adalci, wani lokaci akwai hujja. Ɓarayi kan kai hari wuri ɗaya don su jawo soja cikin tarko, kuma fita da mota biyu cikin dare a hanyar da ba ta da mafita na iya zama kai yara mahalaka. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a kan hanyar kai ɗauki Askira Uba aka kashe shi a Nuwamban 2021. Amma tsakanin taka-tsantsan da fakewa da oda akwai tazara, kuma talaka yana gane ta. Hafsan da ya damu tun da rana yake shiri: ya san hanyoyin shigowa, ya zauna da hakimi da liman da shugaban matasa, ya nemi izinin da zai buƙata kafin buƙatar ta zo, ya rubuta wa na sama da shi cewa hanya kaza ta zama tarko. Ranar 6 ga Disamban 2021 aka tare motar fasinja kusa da Gidan Bawa, a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda suka ce 23 suka mutu, mutanen gari suka ce sun fi haka. Wannan hanya ba wanda bai san halinta ba tun kafin ranar.

Gwajin da ya fi wuya, wanda kuma mu mutanen gari ba mu cika son a yi maganarsa ba, shi ne adalci tsakanin Bahaushe da Bafulatani. A farkon Oktoban 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa suka kashe Fulani 11. A cikin makon dai aka buɗe wuta a kasuwar Unguwar Lalle, ranar 17 ga wata kuma aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo, rahotanni da dama suka kira abin ramuwar gayya. Ba na neman wa mai kisa uzuri, wanda ya harbi mai tallar gyaɗa a kasuwa ba shi da hujja duniya da lahira. Abin da nake nunawa shi ne yadda jini ke kiran jini, da kuma inda hafsa yake tsaye a tsakani.

A ɗauka yau an kawo masa saurayin Bafulatani a ɗaure, taro ya biyo baya ana cewa infoma ne. Mutanen da ke ihun su ne suke ba shi ruwa da labari, an kashe musu 'yan'uwa jiya, fushinsu na gaskiya ne. Abu mafi sauƙi gare shi ya kau da kai. In ya kau da kai ya sami yabon yini ɗaya, ya kuma aika wa kowace ruga saƙo cewa gwamnati ba tasu ba ce, ƙannen saurayin nan kuma sun san wanda zai ba su bindiga. In ya tsaya ya ce ba mai taɓa shi sai an bincika, ya miƙa shi ga 'yan sanda da rai, za a zage shi, wataƙila a ce an saye shi. Amma ya bar ƙofa a buɗe ga makiyayin da shi ma an kore masa shanu, wanda ya fi kowa sanin inda ɓarayin ke kwana. Haka zancen yake ga shanun da aka ƙwato daga daji, ko sun koma hannun masu su ko sun narke a hanya. Haka yake ga 'yan matan da gudun hijira ya zubar a makarantu da kangaye, ba uba ba abinci. Kwamandan da bai tsawata wa yaransa a kansu ba ya ci amanar da ta fi ta kuɗi nauyi.

Sai batun faɗin gaskiya idan an yi kuskure. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukuma ta ƙirga gawa 85. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya nemi gafara. Wannan bai dawo da rai ko ɗaya ba, amma ya nuna wa ƙananan hafsoshi cewa amsa laifi ba ya rage wa kaki daraja. Shekara guda bayan haka, ranar 25 ga Disamban 2024, aka kai hari ta sama a ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame ana neman 'yan ta'addan Lakurawa, mutum 10 suka mutu, gwamnan jiha ya halarci jana'iza, bayanin farko da ya fito daga hedikwatar tsaro kuma ya ɗora mutuwar kan fashewar makaman 'yan ta'addan. Mutumin da ya binne ɗansa da hannunsa, idan ya ji a rediyo ana kewaye-kewaye, ba zai sake yarda da wata sanarwa ba, har ranar da aka faɗi gaskiya.

Gaskiyar da ake faɗa wa na sama ita ma tana da tsada. A watan Maris na 2020 wani bidiyo ya fito na Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan yaƙi da Boko Haram, yana tsaye a fagen daga yana bayyana yadda aka yi musu ruwan wuta da yadda motocinsu suka lalace. Aka cire shi, kotun soja kuma ta hukunta shi a ƙarshen shekarar kan karya dokar amfani da kafofin sada zumunta. Ko da hukuncin ya dace da doka, darasin da kyaftin mai neman ƙarin girma zai ɗauka shi ne ya rubuta komai lafiya. Rahoton komai lafiya kuwa shi ke hawa daga sansani zuwa bataliya zuwa hedikwata, kowa na ƙara masa zuma, har ranar da abin da ba ya ɓoyuwa ya faru. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba yana dawowa daga Sakkwato. Ya yi fiye da mako uku a hannunsu, duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi, aka kashe shi a watan Agusta, Gobirawa suka yi masa sallar ga'ib. Sai bayan haka shugaban ƙasa ya umarci ƙaramin ministan tsaro Bello Matawalle da babban hafsan tsaro na lokacin Janar Christopher Musa su tare a Sakkwato, kafin tsakiyar Satumba kuma aka kashe ƙasurgumin ɗan bindiga Halilu Sububu. Ashe ana iyawa. Talakawan da aka yi shekara biyar ana ɗauka a wannan hanya ba su da rawani, shi ya sa kukansu bai isa inda na sarki ya isa ba.

Game da sojojin Nijar da Sanata ya yaba, su ma ba mala'iku ba ne. A shekarar 2020 ɗin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasarsu ta tono gawa 71 a yankin Inates ta ɗora alhakin kisan kan sojoji, binciken ma'aikatar tsaronsu kuma ya bankaɗo ɓatan biliyoyin sefa. Abin da mutanen bakin iyaka suka yaba guda ne, an kira sun zo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da talaka ke nema wurin mai kaki bai taka kara ya karya ba.

Mu ma da namu kason. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke neman hanya a cusa ɗa makarantar hafsoshi ko bai cancanta ba, mu ne ke bin manya a ɗauke shi daga bakin daga a kai ɗan wani. Hafsan da ya yi ritaya da gida ɗaya da tsohuwar mota, danginsa ne ke fara cewa bai yi wayo ba, wanda ya dawo da benaye kuma a ba shi sahun gaba da sarauta ba mai tambayar inda ya samo. Mai kuɗin da ke neman a ba shi soja su raka motar kayansa ya sani sarai daga bakin wani ƙauye aka ɗebo su. 'Yan siyasa kuma yau sulhu gobe yaƙi, hafsa ya rasa wanda zai kama da wanda zai gaisar. Hali zanen dutse ne, amma ko dutse in aka daɗe ana zuba masa ruwa wuri ɗaya yana lotsawa, kuma matashin da ya fito daga Kaduna da niyyar kirki yana kallon wa ake ɗagawa, wa ake mantawa a daji shekara uku ba canji.

Don haka ina kira ga hedikwatar tsaro da runduna ta 8 su sa shaidar mutanen gari cikin abin da ake dubawa kafin a ƙara wa kwamanda girma, a tambayi hakimai da limamai da ardo-ardo da matan da ke gudun hijira. A riƙa bayyana wa jama'a hukuncin da kotunan soja suka yanke, a biya kurtu haƙƙinsa a kan lokaci, a kuma kare hafsan da ya rubuto gaskiya mai ɗaci.

Kai kuma ƙanena, laftana ko kyaftin da aka turo Gatawa ko Tsamaye ko Turba ko Bafarawa, ko daga Jos ka fito ko daga Inugu, mutanen nan sun san ba kai ka kawo musu wannan bala'i ba, sun kuma san kai ma kana da uwa mai jiran dawowarka. Ka riƙe sirrin wanda ya zo maka da labari, ka biya kuɗin abin da yaranka suka ci a kasuwa. Idan aka kira ka cikin dare ba ka sami zuwa ba, da safe ka je da ƙafarka, ka tsaya wurin jana'izar, ka gaya wa mutanen garin gaskiyar abin da ya hana ka.